Kwamfutar Baba Liem

Allon ya sake yin shuɗi ya ƙame. Khuong mai gyaran kwamfuta ya ja tsaki, ya zare faifan ya goge shi da gefen rigarsa.

Kwamfuta ce sabuwa fil, 'yar masu ita ce ta aiko da ita daga Saigon, amma wai a cire tsarin da ta zo da shi, wato babbar manhajar da ke tafiyar da ita, a ɗora wanda aka daina yayinsa tun Khuong yana makaranta. Dalili? Maigidan, Baba Liem, bai iya sabon ba. Tun da tsohuwar kwamfutar tasa ta ƙone wannan take cikin kwali, ko taɓa ta ya ƙi yi.

Shi gogan kuma bai zo ba. Matarsa ce, Iya Suong, tsohuwa mai ƙusumbi, ta ratso kasuwar Can Tho da tsakar rana rungume da kaya. Ta zauna a bakin shagon, ta ƙi shan shayin da aka miƙa mata.

"Iya, tsohon tsarin nan bai san kayan cikin injin nan ba. Ki ce wa Baba Liem ya koyi sabon mana, ai ba cizo yake ba."

"Yau zai tafi, ɗana, an riga an tsayar da lokaci. Can kuma babu mai koya masa."

Ƙauye ke nan za a koma. Khuong ya san irinsu sarai: tsofaffin da suka shekara a kwance cikin ragar lilo, mace na yi musu bauta, su kuma taurin kai kamar shi ne sana'arsu.

Da ƙyar ya sauya saitin can ciki har tsarin ya yarda ya hau. Sai ga wani sabon ciwon kai, hoto ya fito amma babu murya. Direban sauti, wato 'yar manhajar da ke gabatar da lasifika ga tsarin, ba a taɓa yin na wannan injin don tsohon tsari ba. Ya ɗora wani, injin ya kashe kansa. Ya ɗora wani, lasifikar ta yi gurnani ta yi shiru.

Khuong ya ce wa tsohuwar intanet ma ba zai yi ba. Ta ce ba ya bukata. Ya ce batirin ba zai kai ko'ina ba, ta ce ya ishe shi. Waƙoƙinsa na gargajiya kawai take so su fito, da wasan darar da ya saba. In babu murya, duk wahalarta ta tashi a banza, kuma rana ta fara karkata.

A ƙarshe ya samo direban wani injin mai kama da wannan, ya buɗe shi, ya cusa lambar na'urar da hannu, ya yi wa tsarin ƙaryar cewa ɗan gida ne. Kiɗan goge ya tashi a shagon. Tsohuwar ta rufe baki da hannu.

Khuong ya ce shi zai kai ta gida a babur. Ba tausayi kaɗai ba ne, akwai maganar da ya tanada wa mijin, kuma tun a hanya yake wasa ta a zuci.

Ta ƙofar baya ta shigar da shi. Mata cike da madafa, tukwane na tafasa. Har liyafar ban kwana aka haɗa wa malalacin.

"Ina Baban yake, Iya? Ina son ganinsa."

"Zo, saura kaɗan mu makara."

Ta wuce ɗakin gaba, ta kunna waƙar, ta ajiye kwamfutar kusa da hannun daman Baba Liem, sannan ta ce wa masu riƙe da murfin akwatin gawarsa su rufe.