Kujerar Baƙo

Tsugune take a zauren taro, tef ɗin awo a hannunta, tana auna ƙafafun kujeru biyu. Saboda wannan tef da ba ya barin jakarta ne ma'aikata suka laƙaba mata Tela. Ta san da sunan, bai kuma dame ta ba. Ita ce shugabar sashen tarbar manyan baƙi a ma'aikatar harkokin waje, ga shi gobe ministan wata ƙasa zai zauna kusa da nasu ministan su sa hannu a yarjejeniya a gaban 'yan jarida.

A wannan aiki kujera ta wuce abin zama. In ta baƙo ta gaza ta mai masauki ko da faɗin yatsa ne, to an raina ƙasarsa. Kujerun ma'aikatar kuwa duk kafinta ɗaya ya yi su, fata ɗaya, launi ɗaya. Shi ya sa in ta auna ta gamsu, sai ta manna ɗan guntun salatif a ƙarƙashin hannun kujerar, inda ba mai gani. Ta manna wa biyun, ta kulle zauren, ta kai mukulli ofishin Babban Sakatare kamar yadda aka saba.

Baba take ce masa. Shi ya ɗauke ta aiki tun ba ta san gabas da yamma ba, shi ya koya mata wace tuta ake kafawa dama, wa ke fara miƙa hannu, har dabarar salatif ɗin ma tasa ce. Gajere ne mai taushin murya, amma duk wanda ya zauna a gabansa a ofis sai ya ɗaga kai kafin su haɗa ido. Ita kwarjini take kiran wannan.

"In taron nan ya tashi lafiya, muƙamin Darakta naki ne, 'yata," in ji shi, yana jefa mukullin a aljihun tebur.

Mataimakinta, mijin 'yar Baba, shi ma ya nemi muƙamin, amma abin dariya aka mai da shi. Mutumin da ya taɓa rungume direban jakada ya bar jakadan tsaye a rana!

Da safe tana filin jirgi. Taken ƙasar baƙon ya fito daidai, tuta ba ta kife ba, motoci suka jeru yadda ta tsara. Tare da ayarin ta shigo zauren, ta tsaya can baya tana sauke ajiyar zuciya.

Ministocin suka zauna. Baƙon, dogo ne ƙwarai, ya yi ƙasa har gwiwoyinsa suka taso. Mai masaukin ya zama yana kallonsa daga sama kamar alƙali da mai laifi. Kyamarori suka hau walƙiya. Baƙon ya dubi kujerarsa, ya dubi ta maƙwabcinsa, ya yi irin murmushin da ba ya kai wa ido. Sai ya mayar wa alƙalami murfinsa, ya miƙe, ya ce kansa na ciwo.

Ta yi ta kutsawa ta isa gaba, masu tsaro suka tare ta. Kafin zauren ya watse an kwashe kujerun zuwa ɗakin ajiya, sun shige cikin ɗaruruwan 'yan'uwansu.

Hoton ya zaga duniya. Ba a sa hannu ba, ministansu ya ce sai an ba shi wanda ya ja masa wannan abin kunya, aka kuwa ba shi Tela. Aka dakatar da ita. Waɗanda jiya ke riƙe mata jaka yau suna ganinta sai waya ta kama su. Abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda ta fara zargin kanta. Ko ta karanta tef ɗin ba daidai ba? Mijinta ya same ta tana auna kujerun falonsu, ya karɓe tef ɗin a hankali.

Mutum ɗaya ya rage mata. Ta je ofishinsa, ya taso da kansa ya tarbe ta, idanunsa sun kaɗa.

"Zauna, 'yata. Wallahi ko abinci ba na iya ci."

Ta zauna, kuka ya ƙwace mata. "Baba, na auna. Na rantse na auna."

"Na sani. Na ba masu shara mukullin da safe, wa ya san abin da suka taɓa? Ki yi shiru, kar ki rubuta komai, kar ki yi magana da kowa. Zan sa mataimakinki ya riƙe wurin kafin ƙura ta lafa. Ai ɗan gida ne, ba zai ci amanarki ba."

Ta gyaɗa kai, zuciyarta ta yi sanyi. Ta share hawaye ta dube shi don ta yi godiya, sai ta lura da wani abu. Duk shekarun da ta yi tana zama a wannan wuri, yau ne kaɗai ta haɗa ido da shi ba tare da ta ɗaga kai ba.

Yana ci gaba da lallashi, ita kuwa ta zura yatsa a hankali ƙarƙashin hannun kujerar da take kai, ta ji guntun salatif ɗinta yana nan inda ta manna shi ranar da ta auna ta a zauren taro.