Inda Kalli Ya Ɓoye Irin Tattasai

Zazzaɓi ya saki Malam Kalli, amma ya tafi da abu guda daga ƙwaƙwalwarsa: inda ya ɓoye goran irin tattasai lokacin da kogin Komadugu ya yi ambaliya. Irin nan gadon gidansu ne, babu shi a kasuwar Difa. Ga lokacin shuka yana wucewa.

Matarsa Kaltumi ta birkice ɗaki, ta tone bayan rumbu. Ba gora.

Jikarsu Nabila, mai karatun aikin likita, ta ce, "Kaka, ƙwaƙwalwa ba ta cika zubar da abu ba, hanyar ɗauko shi ce ke toshewa. Ƙamshi ko ɗanɗano kan buɗe ta. Me ya ci ranar da ya ɓoye?"

Kaltumi ta daɗe da sakar wa surukanta murhu, sai dai ta kalli miyarsu tsararo. Ran nan ta ɗaura zane, ta kore su. Ta yi burabusko da miyar bandar kifi, irin na wancan lokaci.

Kalli ya sakace haƙori, ya lumshe ido. "Na ga wata bishiya," in ji shi.

Kaltumi ta ce, "Wace bishiya, Malam?"

"Ta ɓace."

Washegari ta ƙara man shanu. Bishiyar ta zama tsamiya. Da aka yanka zakara, tsamiyar ta koma gawo.

Kullum da sassafe yakan fita shi kaɗai, wai iskar bakin kogi na taimaka wa tunani. Ya dawo gwiwoyin wandonsa duk laka, ya tambayi abin da ke kan wuta. Maƙwabta sun gama shuka. Kaltumi na ramewa, kumatun Kalli na cikowa.

Da kajinta suka kusa ƙarewa, sai ta haƙura. Ta yafa mayafi ta nufi lambunsu, za ta auna fili don shuka irin kasuwa, ko da mutanen ƙauyensu Shetimari za su yi mata dariya.

Daga bayan shinge ta jiyo muryar maƙwabcinsu Sulaiman: "Malam, yau me ka tuna?"

"Gawo. Gobe in an samu kan rago, ƙila in ga rijiya."

Ta leƙa. Kalli na durƙushe yana cire ciyawa a tsakanin tattasan gidansu, wanda tuni ya kai tsawon tafin hannu.