Ciyawar Bakin Kududdufi

Tun da ka ce yaron naka ramewa yake yi, kai kuma maganin da ka sani shi ne ƙara masa tuwo, zauna ka ji wani misali.

An yi wani tsohon maɗinki da matarsa ta rasu ta bar masa zomanya guda, fara tas, wadda ta rena tun tana ƴar mitsitsiya. Ba su haihu ba, saboda haka duk abin da ya rage masa mai numfashi daga hannun matar nan, zomanyar ce. A da matar ce ke ba ta harawa busasshiya da ƴar dusa, shi ko kallo ba ta ishe shi ba. Da kiwon ya dawo hannunsa sai ya ga ai busasshen abinci rowa ne, shi da ya rantse ba zai bari ta san uwar gidanta ta tafi ba. Kullum da sassafe ya ɗauki lauje ya nufi bakin kududdufin bayan gari, inda ciyawa ta fi ko'ina kore, ya yanko ta jiƙe da raɓa ya zube mata. Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa me ya sa ciyawar wurin ta fi kyau ba, alhali nan ne karnuka da awakin unguwa ke zubar da kashinsu, ruwa ya wanke ya shigar da shi gindinta. Ba a jima ba zomanya ta fara zaman kusurwa, gashinta ya daina sheƙi, gindinta ya ɓaci da zawo. Amma cikinta ya yi tulu. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Baba, dabbar nan fa ƙarewa take yi." Ya yi dariya ya ce ƙiba ce, ina ta ga ramammiya da irin wannan ciki? Kallon kitse yake yi wa rogo, bawan Allah. Kuma da yake ta kunne yake ɗaga ta, yadda ya ga kowa na ɗaga zomo, hannunsa bai taɓa sauka a bayanta ba, balle ya ji ƙasusuwan da gashi ya lulluɓe.

Da cin nata ya ragu, sai ya ɗauka ciyawar ce ba ta isa laushi ba. Ya ƙara sammako, ya ƙara kutsawa cikin taɓo har gwiwa, yana tari yana yanka, don ya samo mata wadda ta fi danshi. Duk damin da ya kawo, ƙwayayen tsutsa yake ƙara mata, yana murna ya cika alkawari. Ran nan ya dawo da ciyawa a kafaɗa ya tarar da ita kwance a gefe, ido a buɗe, ƙuda na bin bakinta. Ranar ce ya fara ɗaukar ta da hannu biyu, ya ji ta sakayau kamar tsumman da ya rage a ƙarƙashin keken ɗinkinsa, haƙarƙari na ƙirguwa ɗaya bayan ɗaya. Inda ta kwanta kuwa ga tsutsotsi nan sirara suna motsi cikin kashinta. Malamin dabbobi na unguwa da aka kira, wanda tun farko ɗan maganin da zai ɗura mata bai taka kara ya karya ba, ya dubi damin ya tambaye shi inda yake yankowa. Da ya faɗa, malamin ya girgiza kai kawai. Tsoho ya zauna a ƙasa da gawar a cinyarsa, yana duban tafin hannunsa da ciyawa ta rina kore, ya yi kukan da bai yi ba ran jana'izar matarsa. Abin tausayi, ba sakaci ya kashe ta ba, hidima ce ta kashe ta.

To, ka ji. Mutumin nan bai gaza ƙauna ba, bai gaza wahala ba, tambaya kawai ya gaza. Ka ɗauki yaronka ka kai shi a duba cikinsa tun yana iya tafiya da ƙafarsa, domin Hausawa sun ce, rashin sani ya fi dare duhu.