Kan da Gwaggo Ta Ƙi Gasawa

Tsohuwa ta tsoma tsumma a ruwan zafi, ta dubi jaririn, sai ta janye hannunta.

Jikokinta goma sha ɗaya, duk ita ta gasa musu kai, tana mulmulawa har ya daidaita. Wannan kuwa, mai faffaɗan goshi da 'yar haɓa mai tsini da maɗiga wangame, ko taɓa shi ba ta yi ba.

Mai jego ta juyo ta dubi tsohuwar. Surukarta ce, kuma ƙanwar babanta. Ga matan garinsu Runka suna ta raɗa cewa yaron bai yi kama da kowa a gidan ba.

"Gwaggo, ƙyamarsa kike yi?"

"Kada ki bari kowa ya danna masa kai," kawai ta ce.

Bayan suna, likita a Katsina ya ce ciwon gado ne: ƙashinsa na saurin karyewa, ƙoƙon kan ma bai yi ƙwari ba. Mai jego ta dawo ta tarar tsohuwa ta ɗinka 'yar katifa ta audugar rimi.

"Gado daga ina, Gwaggo?"

"Mijinki ba shi ne ɗan farina ba. Akwai yayansa, mai irin wannan goshin. Da hannuna na gasa masa kai don ya yi kama da mutane. Kwana tara ya yi a duniya."

Ta zura tafukanta ƙarƙashin katifar, ta ɗaga jaririn a hankali kamar ƙwarya cike da nono.

"Wai bai yi kama da kowa ba! Shekara arba'in ina roƙon Allah Ya sake nuna mini fuskar nan."