Jirgin Da Ya Ƙi Sauka

Bayan an tashi daga coci, Gunvor ta iske Torleif, dattijo mai manyan hannuwa, a shagon kofi na bakin tashar jirgin ruwa inda suka shirya haɗuwa. Ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Muryarsa kawai ta sani, a wasan jiragen sama na kwamfuta da ta shiga bayan rasuwar mijinta. Ita ke ba da izinin sauka ta rediyo a wani filin jirgi na cikin wasan, Torleif kuma yana tuƙi daga gidansa a tsibiri.

"Ashe kai ne," ta ce. "Muryar ta fi ka tsawo."

Ya yi dariya, kunnuwansa suka yi ja.

Ta ce, "Tambaya ce ta kawo ni. Kowa ya ce ba ka kuskure sauka. Me ya sa a filina kaɗai sai ka taɓa ƙasa ka sake tashi?"

Ya dubi taga, ya dubi kofinsa.

"In na sauka, sallama kawai za ki yi mini. In na kuskure kuwa, dole ki sake bi da ni tun daga farko."

"Tsohon banza! Ni ina can ina zargin kaina!"

"Gunvor, so nake in riƙa jin muryarki ba ta rediyo ba. In kin ƙi, ba zan ƙara damun filinki ba."

Sai ta raba burodin kirfarta biyu, ta tura masa rabi.

"Yaushe jirgin ruwanka zai tashi?"

"Yanzun nan."

"Akwai na yamma," ta ce.