Katin Nadabo a Akwatin Baba

Tun da aka fara ajiye tunanin mamata a inji, marigayi Baba yake magana daga akwatin da ke zaure. Da ya soma manta sunayenmu, na kai shi wurin Isiyaku mai gyara.

"Katin ƙwaƙwalwa ɗaya ya mutu," in ji shi. "Allon tsoho ne, ba ya karɓar sabo. Na marigayi Nadabo kaɗai zai dace."

"Wanda ya ƙwace mana gona, muke kotu da 'ya'yansa? Kanka ɗaya kuwa?"

"Na goge shi tas, Hajiya. In ba kya so, kwashi kayanki."

Dole na bari ya sa. A gida na kunna.

"Lantana," Baba ya kira sunana daidai. "Ki janye ƙarar nan. Na tuna, gonar tasu ce."