Wutar Lahadi

"Kai ka shanye mata wutar, Kaleb! Ni na saya wa Inna pano mai ba da wutar rana, amma da zahi ya kashe ta ko fanka ba ta juyawa!"

Tabita ke nan, daga Yamai ta zo, kwana ukku da bizne uwarsu Hulda. Ni maƙwabciyarsu ce a Madawa, na shigo aron rariya, sai na nemi wuri na zamna.

"Yaya, ban taɓa ja ba," in ji Kaleb.

"Na'urar panon ba ta ƙarya. Duk abin da aka sha tana rubutawa. Hiddo muna lissahin yanzu, na shekara guda!"

Ya latsa salularshi, lissahin ya hito, ya miƙa mata. Ta duba. Litinin babu komi, Talata babu, har Asabar. Ko a watan bazara babu. Ran Lahadi kaɗai ake shan ɗan kaɗan, kowane mako.

"Mi ke nan?" ta ce.

Kaleb ya sadda kai. Ni kuwa bakina bai iya riƙo.

"Ɗiyata, wayarta ce take sa wa wuta. Kin ce za ki riƙa kiranta in an taso majami'a. Ta hana kowa kunna fanka, wai kada wutar ta ƙare ki kira ki iske wayar a kashe."

Kaleb ya ce, a hankali, "Yaushe rabonki da kira, Yaya?"

Tabita ta aje salular. Ta hita, ta bugo ƙyauren har rariyar da na zo aro ta faɗi.